Shekarar da Na Rage Cin Tuwo

Ni dai tun ina budurwa mai jiki ce. A Tozai ta ƙasar Isa, inda anka haife ni, in yarinya ta yi aure ta zo ganin gida kumatu sun cika, wuya ya yi kauri, sai a ce gidan miji ya karɓe ta, uwarta ta riƙa yawo da ita gaishe-gaishe don a gani. Ni nawa gidan ya karɓe ni har abin ya wuce misali. Haihuwa shida, kowace da kununta na kanwa da naman jego. Ga zaman kujera a Islamiyyar matan aure inda nake koyarwa a nan Sabon Birni, ga shayi mai kauri da burodi kowace safiya, ga lemun kwalba duk gidan da na shiga barka. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. In zane ya ƙi zagayowa, sai in aika wa tela ya ƙara masa ƙyalle.

Da rani Goggo ta zo mana. Ƙanwar mahaifina ce, kuma a ɗakinta anka yaye ni, a wani ƙauye kusa da Gatawa. Mutanen daji sun shiga musu, sun ƙone rumbuna, sun kore awaki, ɗanta ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Nijar, ita kuwa ta ce ba ta san kowa can ba. A bayan babur anka kawo ta, da ƙunshi guda a cinya. Da na rungume ta sai na ji ƙasusuwa zalla. Ita ko ta ja baya ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ta yi dariya, ta ce wanga jiki ita ta kafa shi da hura da nono, ta gode Allah da bai rushe ba. A duk abin da ta mallaka a duniya, ina jin ƙibata kaɗai ce ba a taɓa ba.

Kwana biyun farko na riƙa zuba mata abinci a kwanonta daban, kamar yadda ake yi wa manya. Sai na lura tana rufewa ta tura ƙarƙashin gado, in jikoki sun shigo ta ba su. Don haka na ce daga yau kwano ɗaya za mu ci, ni da ita. Ta ji daɗin wannan. Amma baƙo a wurinmu ba ya kallon tuwo, hannun mai gida yake kallo. In ka ci ya ci, in ka tsame hannu shi ma ya tsame, ko da cikinsa na kuka. Ni kuwa a lokacin ba mai saurin tsame hannu ba ce, malmala uku nake tashi da ita ban ji komai ba, saboda haka Goggo ta samu ta ci. Cikin wata guda fuskarta ta fara dawowa.

Zama kuwa ba ta iya shi ba. Ta karɓe turmi, ta ce garin inji warin mai yake yi. Ta karɓe guga, duk da muna da mai kawo mana ruwa a kura. Na hana, na yi faɗa, maigida ma ya sa baki, ta ce mu ƙyale ta, in ta zauna tunani ke cinta. Na san kuma ba tunanin kaɗai ba ne, so take ta ji ba a banza take cin tuwonmu ba. Sai na sa mata ido.

Ana cikin haka jikina ya fara ba ni labari. Dama gwiwa ta daɗe tana min ƙorafi, amma sai ya kai in na yi sujada ba na iya tashi sai na dafa bango. Daga baya na koma sallah a kan kujera, ni da ban cika hamsin ba, alhali Goggo na gefena tana duƙawa tana miƙewa kamar ba komai. Ga ƙishirwa, ga jiri, ga wata kasala da ke sa in ji alli ma ya yi min nauyi a aji. Na je asibiti. Wata ma'aikaciya 'yar siririya, wadda ɗiyata ta fari ta girme ta, ta soke min yatsa, ta ɗaura min abin awon jini, ta ce suga ya fara, jini ma ya hau. Ta rubuta magani, amma ta ce maganin gaskiya yana cikin kwanona. Malmala ɗaya ta ishe ni, in cika sauran wurin da ganye da wake. In rabu da sukari da lemo. In motsa jiki kullum har in yi gumi. Na ce mata, 'yar nan, ina za ni tafi yawo a garin da ko gona ba a zuwa sai da addu'a? Ta ce ba sai na fita ba, turmi da guga ma motsa jiki ne. Na ji haushinta ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa.

A hanyar dawowa na wuce ta gaban firamaren da 'yan gudun hijira ke kwana. Mata na zaune a inuwar katanga, ƙafafu kamar taɓarya, suna tsinkar ganye. Na shigo gida na iske Goggo tana bakace, ƙashin wuyanta a waje. Ta ɗaga kai ta tambaye ni mi likita ya ce. Wallahi na buɗe baki in faɗa, sai na fasa. In dubi wagga tsohuwa da anka ƙone wa rumbu in ce mata ciwona shi ne abinci ya yi min yawa? Na ce zazzaɓi ne, an ba ni magani.

Maigida kaɗai na gaya wa. Ya ce in sanar da Goggo, ai uwa ce. Na ce ya bar ni da dangina, na fi shi saninsu. Mutum ne da ba ya son ja-in-ja, ga shi kuma kansa ya yi zafi, don fataucin da yake yi ta Burkusuma ya ja baya tun da hanya ta lalace, sati biyu sai ya yi bai fita ba. Kowa a gidan ya san da wannan, har Goggo. Abinci dai bai taɓa yanke mana ba, Allah ya rufa asiri.

Washegari na fara. Da safe na sha shayi ba sukari, na yamutsa fuska na haɗiye. Da rana na kwaɗa zogale da ƙuli, wata rana rama, wata rana tafasa. Da yamma na ci malmala ɗaya na wanke hannu. Na ce wa mai kura ya riƙa kawo rabin abin da ya saba, sauran za ni ja da kaina. Na je na karɓe taɓarya daga hannun Goggo, na ce ta huta haka nan. Ta tsaya tana kallona ina daka ina haki, gumi na zuba har cikin ido.

Yanzu da nake zaune ina tunawa, kunya ce ke kama ni, don ni ma 'yar ƙauye ce, na san abin da waɗannan abubuwa ke nufi. A ƙauye ba a kwaɗon tafasa don marmari. Abincin tsakiyar damina ne, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Gidan da anka daina sa sukari, anka rage mai ruwa, matar gida mai jiki irin nawa ta koma turmi, ta kuma fara tsame hannu bayan loma kaɗan, ko makaho ya shigo ya san an shiga wani hali. Goggo ba ta yi kuskuren karatu ba, ni ce na rubuta mata ba daidai ba. Amma a lokacin hankalina duk yana kan gwiwata.

Kuma abin ya yi aiki, shi ne abin takaicin. Satin farko na sha wuya, kaina ya yi ta sarawa, in na ji ƙamshin masa daga maƙwabta sai in ji kamar in yi kuka. Yunwar mai ƙiba ba ta da kunya ko kaɗan. Amma a hankali jiki ya saba. Jirin ya tafi. Na fara jan guga ashirin ban tsaya ba. Zoben aurena da ya nutse cikin yatsa shekara da shekaru ya fara juyawa. Ranar da na yi sallar la'asar a tsaye tun daga kabbara har sallama, na daɗe a kan darduma ina godiya. Ina ta murna da kaina, ban lura kwanon da muke ci yana komawa madafa da saura ba. Ko in ce na lura, na ce tsufa ne, tsofaffi ba su da ci.

Abin da take yi shi ne, in na tsame hannu, sai ta gutsuri loma ɗaya ta ƙara don kar abin ya fito fili, sannan ta ce alhamdu lillahi. Daga baya ta ɓullo da wata dabara, ta riƙa tura tuwon gefenta zuwa gefena da bayan yatsa, a hankali, tana min hira don kar in gani. Ni kuwa ina gani, kuma raina na ɓaci, don ina fama da kaina ga wani na tura min abin da nake gudu. Wata rana da yamma, na dawo daga makaranta a gajiye, yunwa ta sa ni zafin rai, ta sake turowa. Na ce, “Goggo, don Allah ki bari. Kowa ya ci abin da ya ishe shi.”

Ta janye hannunta ta ce to. Ban ƙara ganin ta tura ba, ban kuma ƙara ganin ta ci abin kirki ba.

Matan Islamiyya ma ba su taimaka ba. Kullum sai wata ta tare ni da tambayar ko lafiya na zube haka. Ina cewa lafiya lau. Ashe a wani gidan suna da munka je tare da Goggo, ina can ciki wurin mai jego, wata mai dogon baki ta ce malama ta rame tun da baƙi sunka sauka mata, ai riƙon mutum a wanga zamani ba wasa ba ne. Goggo na zaune a bayanta a kan tabarma. Sai bayan komai ya wuce anka ba ni wannan labari, kuma har yau ba na amsa gaisuwar matar da sakin fuska.

Da ruwan farko ya sauka, na fito da safe na iske ta ɗaure ƙunshinta ta aje bakin ƙofar ɗaki. Ta ce za ta koma ta yi shuka, ta ji an ce wasu sun fara komawa, an yi sulhu da mutanen daji, in an ba su abin da sunka yanka za su bari a yi noma. Na ce sulhun da anka yi sau nawa yana warwarewa? Na ce wa zai yi mata huɗa, wa zai kwana da ita, ɗakin ma ai ba rufi. Ta ce Allah na nan. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce in wani ya ɓata mata rai ta faɗa min. Sai ta kama hannuna, ta zagaye wuyan hannun da yatsunta biyu, sunka kusa haɗuwa.

Ta ce, “Ɗiyata, da na zo ba su haɗuwa. Ina da ido. Ba za ni zauna in cinye ki ba.”

Nan ne fa na gane abin da na aikata. Na shiga ɗaki da gudu na ɗauko katin asibiti da ƙwayoyin, na zube mata a cinya. Na gaya mata komai, suga, hawan jini, malmala ɗaya, turmin, gugan, har maganar 'yar siririyar ma'aikaciya. Na rantse mata da Allah. Na ja ta zuwa ɗakin ajiya na nuna mata buhunan dawa da gero. Ta juya katin sama da ƙasa, ita da ba ta yi boko ba, ta miƙo min. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin inda ƙoshi ya zama ciwo ba, kuma in da gaske ne, mi ya hana in faɗa tun ranar da ta tambaye ni? Na ce kunya na ji. Ta yi murmushi ta ce haka ubana yake, ko yunwa za ta kashe shi, in baƙo na gidan sai ya ce ya ci a waje. Buhunan kuwa ta ce ai shi ya sa suke nan, don ina hana cikina.

Ka ga inda ƙarya guda ta kai ni. Na yi ta lokacin da gaskiya za ta yi amfani, da na zo da gaskiyar kuma sai ta yi kama da kara.

Maigida ya zo ya durƙusa gabanta ya yi nasa bayanin. Ta sa masa albarka ta ce shi ma ɗan halak ne, ya iya rufa wa matarsa asiri. Na roƙe ta ta ƙara ko kwana uku. A kwana ukun nan na yi abin da har yau nake jin haushin kaina a kansa. Na tuƙa tuwo mai yawa, na zauna gabanta na ci malmala uku, na dama hura na zuba sukari har ya kwanta a ƙasan kwano, na aika anka sayo lemo. Cikin da ya saba da kaɗan ya ƙi karɓa. Na riƙa turawa ina haɗiyewa da ƙyar, jiri ya dawo, na kwanta rabin yini. Goggo na zaune bakin gado tana min fifita, ta ce in daina wahalar da kaina don ita, ta ga ƙoƙarina. A rana ta huɗu da hantsi ta hau babur. Na cusa mata garin dawa da manja da 'yan kaya, ta karɓi rabi ta mayar da rabi.

Daminar nan ban ji daɗinta ba. Waya ba ta shiga can sai an hau tudu, Goggo kuma ba ta da ita. Ranar kasuwa nake zuwa in tsaya inda mutanen wajen Gatawa ke sauke kaya, in tambaya. Wani ya ce ya gan ta tana noma, wani ya ce tana kwana gidan wata bazawara, wani ya ce bai san ta ba. Na aika saƙo ya fi a ƙirga. Na koma kan malmala ɗaya da ganyena, don ciwo bai san an yi baƙo ko an yi rashi ba. Turmin ma na ci gaba, sai dai yanzu ba mai tsayawa yana kallona. Duk wata in na je awo, ma'aikaciyar nan sai ta yi ta yaba min, har ta riƙa nuna ni ga wasu mata tana cewa su yi koyi da malama. Ina jinta kawai. Na samu lafiyar da na nema, ban da ƙarfin yin murna da ita.

Bayan an yanke gero, kafin a gama ɗaurewa, sulhun ya warware kamar yadda kowa ya sani zai warware. Da sassafe labari ya iso gari cewa ƙauyukan wajen sun watse, mutane na shigowa a ƙasa da kan babura. Na share ɗakinta, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na ɗora tukunya. Na ce wannan karon ko za ni mutu sai na ci abin da ta ci, loma da loma. Na tafi tasha da ƙafa, na duba fuska bayan fuska, na zaga firamare, na dawo tasha. Har azahar ban gan ta ba. Na koma gida na zauna a zaure ina jiran sallamarta.

Da la'asar wata mata ta yi sallama. Bazawarar nan ce da Goggo ke kwana gidanta, na san ta sama-sama tun ina yarinya. Ta ce in kwantar da hankalina, Goggo na da rai, tare sunka fito, tare sunka iso tasha tun da hantsi. Ashe lokacin da nake zagaye ina duba fuskoki, tana zaune bayan wata rumfar mai shayi, ta ja mayafi ta rufe kai. Ta gan ni sarai. Ta ga yadda nake ratsa mutane da sauri, riga na yawo a jikina. Matar ta ce mata ga ɗiyarki can, tashi mu je. Goggo ta riƙe mata hannu ta ce ta zauna. Ta ce wata biyar da barinta gidan, yarinyar nan ba ta ko fara murmurewa ba, ashe abin ya fi yadda ta zata. Da na bar tashar, sai ta kwance ɗan geron da ta samu ta gudo da shi, ta raba biyu, ta shiga motar masu tsallakawa Nijar wurin ɗanta, wanda shi kansa a rumfar leda yake kwana da 'ya'ya bakwai.

Matar ta aje min ƙullin geron a gabana, bai fi tiya biyu ba, a ɗaure cikin tsohon ɗankwali. Ta ce Goggo ta ce in dama hura in sha ni kaɗai, kar in ba kowa.

Sau uku ina aikawa can ta hannun masu fatauci. Maigida ma ya taɓa zuwa da kansa, ya same ta tana tsinkar ganye a bakin rumfa, ya yi roƙon duniya. Amsar ba ta canzawa. Ta ce a gaishe ni, a ce ba fushi take ba, kuma za ta zo da ƙafarta ranar da wanda ta yarda da shi ya gaya mata na mayar da jikina. Jibi ne ranar awona a asibiti, kuma na san abin da ma'aikaciyar nan za ta ce, in ci gaba a haka, kar in ƙara ko kaɗan.